Duwatsu tara, aska ɗaya: yadda muka gano abin da ya hana ta kaifi

Ƙanin matata ne ya zo mini da kwali, ya dire shi a kan tebur da hannu biyu saboda nauyi. A ciki akwai duwatsun washi guda tara, kowanne a naɗe cikin tsumma, sai aska ɗaya a cikin kubenta. Ya ce, "Yaya, ka duba mini. Ko dai an cuce ni a duwatsun nan, ko kuma askar ce ba ta da kirki. Wata bakwai ke nan ina fama."

Na daɗe ina wasa aska irin ta da, wadda ake naɗewa cikin ƙotarta, kuma ni ne na fara nuna masa yadda ake riƙe ta. Don haka da alhakina a cikin lamarin. Na rubuta abin da ya faru daki-daki domin na sha ganin irin wannan matsala a hannun mutane, sai dai ban taɓa ganin wadda ta tattara kusan dukkan kurakuran wuri ɗaya kamar tasa ba, har da nawa kuskuren.

Abin da ya zo da shi

Askar tsohuwa ce, ƙirar Shefild ta ƙasar Ingila, daga zamanin da reza ba ta kori aska daga hannun maza ba, wato kafin Gillette ya samu takardar mallakar ƙirar rezarsa a 1904. Faɗinta ya ɗan haura 6/8 na inci. Mai kauri ce, ba a rarake cikinta sosai ba kamar askakan garin Solingen na Jamus na baya-bayan nan masu ƙara idan sun taɓa gashi. Bakinta kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan lanƙwasa daga gindi zuwa kai, abin da masu harkar ke kira murmushi. Babu tsatsa mai zurfi, babu tsaga, ƙotar ma garau take.

Kukansa guda ne: tana aske kumatu da ƙyar, amma da ta iso haɓa sai ta riƙa jan gashi, ido ya kawo ruwa, fata ta yi ja tana raɗaɗi har yamma. Duk lokacin da hakan ta faru sai ya ce a ransa dutsen da ya gama da shi bai kai laushi ba, sai ya nemo wani. Haka ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama tara.

Na warware tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya raina ya yi fari da abin da na gani. Akwai kotikul na Beljiyam, ruwan ɗorawa a sama, shuɗi-shuɗi a ƙasa. Akwai ɗan siririn dutsen Turinjiya na Jamus, kore mai duhu. Akwai baƙin Arkansas na Amurka, da wani dutsen Japan mai hatimi a fuskarsa wanda aka sayar masa a matsayin Nakayama, da koren Charnley na Ingila mai jajayen ɗigo-ɗigo, da Water of Ayr na Sikotland, da guda biyu daga Wales, da toka-tokan dutsen Guangxi na ƙasar Sin. Yaron yana da ido, ba a yi masa dukan kawo wuƙa ba. Amma tun kafin na taɓa askar na lura da abu ɗaya: dukkan tara ɗin nan duwatsun gamawa ne, wato masu laushi da ake ƙarasa washi da su. Kotikul ne kaɗai a cikinsu ke iya cin ƙarfe da ɗan sauri, shi ma sai an san yadda ake tayar da lakarsa, wato garin dutsen da ke haɗuwa da ruwa idan an goga fuskarsa. Babu ko ɗaya mai kaushi na fara aiki.

Na tambaye shi, "Wa ya fara gyara maka bakin nan da ka saye ta?" Ya ce mai sayarwar ya rubuta cewa a shirye take. Na ce, "To kai ka taɓa kafa mata baki, wato ka fitar mata da kaifin farko a dutse mai kaushi, da kanka?" Ya yi shiru, sannan ya ce ya ɗauka ai shi ne abin da yake yi duk tsawon watannin nan.

Bincike

Bakin aska gangare biyu ne, ɗaya ta kowane ɓari, waɗanda ke gangarowa su haɗu a layi ɗaya. Kaifi shi ne wannan haɗuwar. Idan gangaren biyu ba su haɗu ba, ko da saura kaurin da ido ba ya gani ne, to babu kaifi, komai ƙyallin da suke yi. Dutsen gamawa aikinsa share zanen da dutse mai kaushi ya bari, ba ya iya cinye ƙarfen da zai kai gangaren biyu ga juna, sai dai in za ka kwana kana ja.

Gwaji na farko ba ya buƙatar komai sai fitila. Na juya bakin askar sama, na sa shi daidai ƙarƙashin haske, na duba shi kai tsaye. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske, domin ba shi da faɗin da haske zai sauka a kai. Duhu kawai za ka gani. A tasa kuwa, tsakiyar ta yi duhu, amma daga gindi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonta wani siririn zare ne fari yana walƙiya, sai kuma wani ɗan guntu kusa da kai. Na miƙa masa na ce ya duba da kansa. Ya daɗe yana karkata ta kafin ya ce, "Na gani." Gani ya kori ji.

Na biyu, na ɗauki alƙalamin maka na shafa baƙar tawada a gangaren biyu tun daga gindi har kai, na ce ya ja ta a kan kotikul sau biyar yadda ya saba. Ya kwantar da ita, ya tura ta gaba miƙe, ya dawo. Da muka duba da gilashin ƙara girma, tawadar ta goge a tsakiya kaɗai. Gindi da kai ko taɓa dutsen ba su yi ba. Dalili a fili yake: aska mai murmushi ba ta kwanciya gaba ɗaya a kan dutse lokaci guda. Dole ka ja ta a karkace, ka fara da nauyin a gindi, ka mirgina shi sannu a hankali zuwa tsakiya, ka ƙare a kai, duk a cikin ja ɗaya, ba tare da bayanta ya bar dutsen ba. Wata bakwai yana goge tsakiyar aska, yana aske haɓa da gindinta.

Na uku, duwatsun kansu. Na zana layukan fensir a tsaye da kwance a fuskar kowanne, na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar samfefa lamba 220 (ƙaramar lamba na nufin kaushi, babba kuma laushi) a kan gilashi mai kauri, na goga kowane dutse kaɗan. A kan kotikul fensirin ya goge a bakuna biyu ya bar tsakiya, alamar ya yi kwarmi saboda daɗewa a hannun masu shi na da. Na Turinjiya ma haka, amma kaɗan. Na Japan gefensa ɗaya ya fi ɗaya tudu. Duwatsu uku ne kawai a cikin tara suka fito a baje sosai. Kuma babu wanda aka kashe wa kaifin gefe, alhali gefen dutse mai kaifi yana iya tsinke bakin aska a ja ɗaya idan hannu ya ɗan karkace.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi ba ni tausayi. Na ce ya nuna mini yadda yake goga ta a fata. Ya rataye fatar, ya ja ta da sassauci, yana kaiwa ƙarshe sai ya ɗaga bayan askar ya juya ta a kan bakinta. A fata baya ne ke yin gaba, baki na biye, kuma a kan baya ake juyawa. Yadda yake yi ɗin nan, ko da ya samu kaifi a dutse, da fatar ta lanƙwashe shi kafin ya kai fuska.

Gyara, da inda na yi kuskure

Mun ɗauki yini guda muna baje duwatsu. Masu laushin jiki kamar kotikul da na Turinjiya ba su ba mu wahala ba, minti kaɗan fensir ya ɓace. Arkansas da Charnley kuwa sun ci samfefa har ta gaji, sai da muka koma garin silikon kabaid, wani gari mai tauri da ake goge dutse da shi, a kan gilashi, hannu ya yi tsami kafin su miƙa wuya. Muka zagaye gefunan duka.

Washegari na ɗauko dutsena na masana'anta mai lamba 1000. Na san akwai masu ƙin haɗa dutsen masana'anta da na halitta, ni ban ga dalili ba. Wajen kafa baki abin da kake so shi ne sauri da tabbas, kuma dutsen masana'anta ya fi ba da su. Na fara da goga bakin sau ɗaya a gefen kofin gilashi don ya dakushe gaba ɗaya, saboda kada wani ɗan kaifin da ya rage ya ruɗe ni. Daga nan duk inda ya dawo yana yanke gashin hannu, na san dutsen ne ya kawo shi. Tsakiya ta dawo cikin minti goma. Kai ya biyo baya. Gindin ne ya ƙi, kuma aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi: wannan ɗan wurin da bai kai faɗin farce ba ya ci mini fiye da rabin awa, domin ƙarfen ya fi kauri a nan kuma kafaɗar askar, wato tudun ƙarfen da ke bayan gindin, tana son hawa kan dutse ta ɗaga bakin. Da farin zaren ya ɓace daga gindi har kai, kuma kowane sashe ya yanke gashin hannu a gindinsa, na ce an kafa baki.

Na wuce da ita kan kotikul, na gama a kan baƙin Arkansas, na goga a fata, na duba da gilashi. Sai ga ƙananan giɓi jere a bakin, kamar haƙoran zarto. Na koma baya na sake, suka sake fitowa. A nan ne na yi gaggawar yanke hukunci. Na ce masa ƙarfen ya mutu, wataƙila tsatsa ta ci shi ta ciki ko an taɓa ƙona shi a injin goge ƙarfe, ya haƙura da ita ya nemi wata. Na ga yadda fuskarsa ta canza, don askar nan ita ce ta farko da ya saya da kuɗinsa.

Da dare abin ya hana ni sakat. Da safe na ɗauko ma'auni na yi abin da ya kamata in yi tun farko. A wajen aska, bayanta ne ke tsara kusurwar baki, tunda baya da baki tare suke kwanciya a kan dutse. Na auna kaurin bayan: milimita 5. Na auna daga inda bayan ke taɓa dutse zuwa baki: milimita 19. Lissafi ya ba da kusurwa kusan digiri 15. Yawancin askakan da ke riƙe baki da kyau suna wajen digiri 16 zuwa 18. Shekaru fiye da ɗari na washi sun cinye bayan nan fiye da yadda suka ci faɗin, kusurwar ta tsuke, baki ya yi siriri fiye da abin da wannan ƙarfen zai iya ɗauka, musamman a kan dutse mai tauri irin Arkansas. Ni kuma da na yi sa'a guda ina ja a lamba 1000 ba tare da na kare bayan ba, na ƙara cin sa.

Maganin bai fi ƙarfin baƙin tef na masu gyaran wuta ba. Shafi ɗaya a kan bayan yana ƙara kauri ta ɓari biyu, kusurwar ta haura digiri 16 da ɗan kai. Na sake kafa baki da tef, ina canza shi duk lokacin da ya fara cinyewa, domin cinyayyen tef yana sauya kusurwa ba ka sani ba. Giɓin bai sake dawowa ba. Na kira shi na ce, "Ka yafe ni, askarka lafiyarta ƙalau, ni ne ban auna ba." Sharaɗin kawai shi ne daga yau duk wanda zai wasa ta sai da tef shafi ɗaya, kuma mun rubuta haka a takarda mun sa a cikin kubenta.

Wata biyu da dutse ɗaya

A nan ne muka yi gardama. Shi yana so ya bi da askar ta kan duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, daga wanda yake ganin ya fi kaushi zuwa wanda ya fi laushi, har da lambobin da ya rubuta a gefen kowanne: 8000, 12000, 15000. Na ce ya goge lambobin. Dutsen masana'anta ne ke da lamba, domin an tankaɗe ƙwayoyinsa an san girmansu kafin a haɗa shi. Dutsen da aka fasa daga tsauni ba wanda ya tankaɗe shi. Duwatsu biyu daga rami ɗaya suna iya bambanta, kuma dutse ɗaya yana iya yin aikin lambobi da yawa gwargwadon lakar da ke kansa, da ruwa ko mai, da nauyin hannu, da yadda aka gyara fuskarsa. Na ce ya zaɓi guda ɗaya, sauran takwas ya bar su a wurina wata biyu. Da ƙyar ya yarda. Ya zaɓi kotikul, kuma da ni ne ma shi zan zaɓa.

Kotikul daga yankin Vielsalm yake fitowa, a tsaunukan Ardennes. Siraran jijiyoyi ne masu ruwan ɗorawa a tsakanin shuɗin dutse, shi ya sa za ka same shi ko dai a manne da shuɗinsa tun daga ƙasa, ko an liƙa masa wani baƙin dutse a baya don kada ya karye. Nasa irin na farkon ne, ana ganin inda launukan biyu suka shiga juna ba tare da layin gam ba. Abin da ke cin ƙarfe a cikinsa ƙananan ƙwayoyin ma'adinin ganet ne, irin da ake kira sifesatin, waɗanda suka kai kashi 30 zuwa 42 cikin 100 na dutsen, girmansu kuma tsakanin maikiron 5 da 15 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Da girma kaɗai ake bi, da bai isa ya gama aska ba. Sirrin yana cikin siffarsu: kowace ƙwaya tana da fuska 12, ta kusa zama dunƙulalliya, ba ta da tsini mai huda. Tana tafiya a kan ƙarfe tana barin zane marar zurfi, shi ya sa bakin kotikul ya yi suna da taushi a fata.

Idan ka goga ɗan ƙaramin dutsensa a kai da ruwa, ƙwayoyin nan suna saki su shiga ruwan, ya zama laka fara kamar madara. A wannan hali dutsen yana ci da sauri, za ka ga lakar tana yin toka-toka da ƙarfe cikin ja ashirin, kuma za ka ji wani ɗan sauti kamar ana tafiya a kan yashi. Amma lakar nan da ke cin gangare ita ce kuma ke bugun ƙarshen baki tana dakusar da shi. Muddin tana da kauri, kaifin ba zai wuce wani mataki ba. Shi kuwa a da yakan tayar da ita har ta yi kauri tana bushewa a gefe, ya yi ta ja, ya ɗauka yawan laka shi ne yawan aiki. Abin da na koya masa shi ne tsarmawa: a fara da laka kamar madara, bayan ja goma sha biyar ko ashirin a ɗiga ruwa da ɗan yatsa, a ci gaba, a sake ɗigawa, sau goma ko fiye, har lakar ta koma kamar ruwan da aka ɗauraye kofi da shi. Sannan a wanke dutse da aska tas, a gama da tsabtataccen ruwa da hannu marar nauyi. Sautin yashin yana raguwa mataki-mataki har ya ɓace, askar ta fara kama dutsen kamar ana riƙe ta ta ƙasa. Wannan kamun shi ne alamar an kusa.

Karo uku na farko bai samu ba. Yana gaggawar ƙara ruwa, sai ya tsallake daga laka mai kauri zuwa ruwa zalla, bakin ya fito sumul amma ba ya kama gashi. A karo na huɗu ya kira ni da sassafe, muryarsa har rawa take. Ya ce ya aske haɓa bai ji komai ba, har ya shafa don ya tabbatar gashin ya tafi. Na ce ya rubuta abin da ya yi tun bai manta ba: sau nawa ya ɗiga ruwa, ja nawa a ƙarshe, goga nawa a fata. Daga ranar ya fara ajiye littafi.

Sauran duwatsun, ɗaya-ɗaya

Bayan wata biyu na fara mayar masa da duwatsunsa, guda ɗaya duk sati biyu, da sharaɗin kada ya canza komai sai dutsen gamawa. Aska ɗaya, tef ɗaya, kotikul a matsayin tushe, fata ɗaya, aski uku kafin ya ce komai. Da can yakan canza dutse da sabulu da yawan ja a rana guda, sannan ya ɗora wa dutse laifi.

Na Turinjiya ne ya fi burge shi, kuma ban yi mamaki ba. Daga wajen garin Sonneberg aka riƙa haƙo irinsa, kuma kamfanin Escher ne ya fi yin suna da sayar da su, da takardar shaida a manne a baya, har launi suke rarrabawa. Nasa ba shi da takarda, kuma hakan bai rage shi da komai ba a wajen aiki, sai dai a wajen masu tarawa. Ruwa kawai yake so, ba a sa masa mai. Ja arba'in a kansa bayan kotikul suka ƙara wa bakin kaifi ba tare da sun ɗauke taushin ba. Dutse ne marar rigima, ko sabon hannu zai samu abin kirki a kansa.

Arkansas labarinsa daban. Daga tsaunukan Ouachita yake, kusan silika ne zalla da ya dunƙule, sunan irinsa ma, nobakulait, daga kalmar Latin ta aska ya samo asali. Ba ya sakin ƙwaya, ba ya yin laka, don haka fuskarsa ce ke aiki, kuma yadda ka bar fuskar haka zai ci. Da muka baje shi da garin silikon kabaid mun bar fuskar da kaushi, shi ya sa karon farko ya ba shi baki mai cizo. Sai da ya bi ta da samfefa mai laushi, ya goge ta da bayan kurfi da mai har ta fara ɗaukar haske idan an karkata ta. Bayan haka, da mai marar kauri da ja wajen ɗari, ya ba da baki mafi kaifi a cikin duka. Amma fatarsa ba ta so shi ba, kuskure kaɗan sai jini. Ni ina son wannan bakin, shi ba ya so, kuma babu mai gaskiya a tsakaninmu sai fuskar kowa.

Na Japan ne ya fi ba mu aiki. Shahararrun ramukan nan, Nakayama da Ozuku da Shobudani da sauransu, suna arewa maso yammacin Kiyoto, kuma mafi yawansu an daina haƙa tuntuni, shi ya sa sunan rami ke ɗaga darajar dutse, shi ya sa kuma ake buga hatimin ƙarya. Hatimi tawada ce kawai, ranar da ka baje dutsen za ta goge, kuma haka aka yi da nasa, bayan ya ɗauki hotonta. Na ce masa ya daina tambayar daga wane rami yake, ya tambayi abin da yake yi wa ƙarfe. Dutsen mai tauri ne ƙwarai, ruwa na daɗewa a kansa bai shige ba. A kan irinsa ana tayar da laka ne da ƙananan duwatsun da ake kira nagura, waɗanda suka fi suna daga Mikawa suke, ana bi daga botan mai kaushi zuwa tenjo da mejiro da koma, a ƙare da ɗan guntun dutse mai kama da uwar, wato babban dutsen da ake washi a kai. Lakarsu tana ƙara laushi yayin da ake ja, saɓanin ta kotikul. Shi ba shi da ko ɗaya, da faranti mai ƙurar daimon yake karce fuskar. Na ara masa nawa.

Ko da hakan, duk ja sai ya ji wani ɗan "ƙis" a wuri ɗaya, kuma gilashi ya nuna zane mai zurfi da ya ratsa gangare har baki. Muka bi da ɗan yatsa muka gano wani siririn layi mai duhu da ya ratsa kusurwar dutsen. Wasu layukan ado ne kawai, wasu kuwa sun fi jikin dutsen tauri, suna sakin ƙwayar da ke tsinke baki. Wannan mai cizo ne. Na sa tsinin ƙusa mai tauri na rarake shi kaɗan ya koma ƙasa da fuskar dutsen, muka sake bajewa, muka shafe gefuna da ƙasan da fenti marar launi don kada ruwa ya shiga tsakanin shimfiɗunsa ya raba shi. Sautin ya ɓace. Bakin da ya fito daga kansa ya yi hazo-hazo maimakon ƙyalli, kuma ya yi aski mai daɗi sosai.

Charnley ya yi kusa da Arkansas a hali, a hankali yake ci kuma mai yake so. Water of Ayr ya yi kyau. Na Guangxi ya yi aiki amma sai an yi haƙuri da shi. A cikin na Wales ɗaya ya dace da gamawa, ɗayan bai kai ba, ya koma wajen wuƙaƙe.

Inda aka tsaya

Ban ce masa ya daina tara duwatsu ba, kuma ba zan ce ba. Ni ma ina da su fiye da buƙatata. Dutsen da ya yi shekaru miliyoyi yana haɗuwa a ƙarƙashin ƙasa, wanda wani ya sassaƙa da hannu, wani wanzamin da ba ka sani ba ya yi masa kwarmi da askarsa, abu ne da ya cancanci a adana shi, balle ga shi ramuka da yawa sun rufe. Abin da na roƙe shi shi ne kada ya sake sayen dutse don ya warware matsalar da bai gano ba tukuna.

Yanzu ya sayi dutse mai lamba 1000, wanda shi ne na goma kuma shi ya kamata ya zama na farko. Kotikul da na Turinjiya suna kan tebur kullum. Na Japan yakan sauko da shi ranar da yake da lokaci. Arkansas ya bar mini aro. Askar Shefild ɗin tana yin aski wajen ashirin da fata kawai kafin ta nemi komawa dutse, kuma idan ta nema, ja talatin a kan na Turinjiya da ruwa sun ishe ta.

Makon jiya ya turo mini hoton wata aska da ya samo, ƙirar Thiers ta Faransa, da ma'auni a gefenta. A ƙasan hoton ya rubuta kaurin baya da faɗi da kusurwar da ya lissafa, digiri 17, sannan ya ce ya duba ta a ƙarƙashin fitila, akwai farin zare kusa da kai, zai fara da lamba 1000 ranar Asabar.